Daga sansanin 101 zuwa Kantchari: abin da ke kayar da jirgi mai saukar ungulu lokacin tashi da lokacin horo

Ranar Litinin 26 ga watan Disamba 2022, da hantsi, wani jirgi mai saukar ungulu samfurin Mi-17 na rundunar sojojin Nijar ya dawo daga atisayen tuƙi na yau da kullum, ya nufo sansanin sojin sama na 101 da ke jikin filin jirgin Diori Hamani a Yamai. Ba daga fagen daga ya fito ba. Yana cikin sauka ya faɗi, wuta ta kama shi. Mutum uku ne a ciki: wani hafsa da wani ƙaramin hafsa, dukansu ƴan Nijar, da malamin tuƙi ɗan ƙasar waje. Babu wanda ya fita da rai. Ofishin ministan tsaro ya sanar da kafa kwamitin bincike.

Shekara ɗaya da ƴan kwanaki bayan haka, a farkon watan Janairun 2024, wani Mi-17 ɗin na sojojin Nijar ya faɗi a Kantchari, gabashin Burkina Faso, lokacin da yake ƙoƙarin tashi. A wannan karon Allah ya kiyaye, ba a rasa rai ba.

Haɗurran biyu sun faru dab da ƙasa. A fadar shayi, in aka ji labari irin wannan, zancen yakan tsaya a ɗayan biyu: ko jirgin ya tsufa, ko akwai hannun wani. Wani lokaci tsufan ne. Amma wanda ya san yadda wannan jirgi ke tashi ya san cewa mitoci ƙalilan na farko da na ƙarshe su ne mafi tsada a duk tafiyar, ko da jirgin sabo ne dal kuma matuƙin gwani ne.

Tan 13 a rataye da farfela

Jirgin fasinja sai ya yi gudu a kan titi kafin fikafikansa su ɗauke shi. Helikwafta kuwa yana tsaye, fikafikansa ne ke gudu. A kan Mi-17 fikafikai biyar ne, da'irar da suke yi ta kai mita 21 a faɗi, suna zagayawa kusan sau uku a kowace daƙiƙa, suna tura iska ƙasa. Wannan iskar da suke turawa ita ce ke riƙe da jirgin, wanda in an cika shi nauyinsa kan kai tan 13.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, tsayawa cak a sama ya fi cin ƙarfin inji a kan gudu. Jirgin da ke tafiya gaba yana shiga sabuwar iska a kowane lokaci. Wanda ke tsaye kuwa yana ta dama iskar da ya riga ya hargitsa. Sai gudunsa ya kai wajen kilomita 30 zuwa 45 a awa kafin farfelar ta samu iska mai tsabta, a nan ne matuƙi ke jin jirgin ya yi sauƙi kamar an sauke masa kaya. Kafin a kai wannan gudun, injin yana kusa da iyakar ƙarfinsa, kuma babu wani rarar kirki da za a ja idan wani abu ya taso.

A Sahel, zafi na cinye wannan ɗan rarar. Iska mai zafi ba ta da kauri, farfela ba ta samun abin kamawa sosai, injin kuma, da yake da iska yake numfashi, ƙarfinsa na raguwa. Ma'aunin da ake gina lissafin jirage a kansa shi ne digiri 15 a bakin teku. Matuƙa na da ƙa'idar da suke haddacewa: duk digiri ɗaya da zafi ya haura ma'auni, kamar an ɗaga filin ne sama da mita 36. Filin jirgin Yamai na kan tudun mita 220 da ƴan kai. A ranar bazara da zafi ya kai digiri 45, jirgin da ke ajiye a wurin yana ji kamar yana kan dutse mai tsawon fiye da mita 1,300. A Agadas, wadda ta fi Yamai tudu, lissafin na kaiwa wajen mita 1,700. Kayan da jirgi ya ɗauka lafiya lau da asubar hunturu, da azahar ɗin watan Afrilu ba lalle ya ɗaga su ba.

Akwai kuma wani tarko. Idan jirgin na kusa da ƙasa, iskar da yake turawa tana dukan ƙasa ta zama masa kamar matashi. Jirgin da aka yi wa lodi fiye da kima zai iya ɗagawa mita ɗaya ko biyu a kan wannan matashin, kowa ya ga kamar komai daidai ne. Da zarar ya ɗan ƙara sama, ko ya zo tsallake katanga ko itatuwa, matashin ya ɓace, sai ya fara nutsewa. Matuƙi ya ƙara jan sandar ɗagawa, injin ba shi da sauran abin bayarwa, gudun farfelar ya ragu, nutsewar ta ƙaru. Direban da ya yi wa Hilux lodi har ta durƙusa a hanyar Agadas, in mota ta gaza sai ta tsaya a rairayi a sauko a tura. A sama babu gefen hanya.

Shi ya sa ƙwararrun matuƙa ke son tashin sassafe, suke auna mai da kaya da mutane kafin su kunna inji, kuma inda akwai fili, masu Mi-17 kan ɗan gangara a kan tayoyi kamar jirgin fasinja kafin su bar ƙasa. Shi ya sa kuma aiki mafi wuya ga matuƙin da ya ɗauko babban mutum shi ne ya dubi wani na hannun daman mai gida ya ce masa babu wurinsa. Jirgi bai san muƙami ba, kilo ya sani.

Idan inji ya mutu

Ana yawan cewa in injin helikwafta ya mutu sai ya faɗo kamar dutse. Ba haka abin yake ba. Tsakanin inji da farfela akwai wani abu mai aiki kamar firiwil ɗin keke: in feda ta tsaya, taya na ci gaba da juyawa. Idan inji ya ɗauke, matuƙi zai sauke sandar ɗagawa nan take, jirgin ya fara gangarowa, iskar da ke tasowa daga ƙasa ta riƙa juya farfelar, kamar farfelar kara da takarda da yara ke gudu da ita a unguwa. Dab da ƙasa sai ya ɗaga hancin jirgin ya rage gudu, ya yi amfani da ƙarfin da ya taru a farfelar ya ajiye jirgin. Dama ɗaya ce tak, babu maimaici.

Wannan dabara tana buƙatar ɗayan biyu: tsawo ko gudu. Jirgin da ke can sama yana da lokaci. Wanda ke gudu sosai yana da ƙarfin da zai juya. Wanda ya tashi yanzun nan, yana mita 30 ko 50 kuma bai ɗau gudu ba, ba shi da ko ɗaya. Littafin tuƙin jirage masu inji ɗaya na ɗauke da zanen wannan yankin haɗari, wanda matuƙa suka yi wa laƙabi da layin mamaci, kuma tashi daga matsattsen wuri, tsakar makaranta ko filin ƙwallo mai katanga, yakan tilasta wa jirgi ratsa shi.

Ranar 18 ga Afrilun 2024, babban hafsan hafsoshin sojojin Kenya, Janar Francis Ogolla, wanda shi kansa tsohon matuƙin jirgin yaƙi ne, ya shiga wani jirgi samfurin Huey mai inji ɗaya a arewa maso yammacin ƙasar. Jim kaɗan da tashi jirgin ya faɗi a gundumar Elgeyo Marakwet ya kama da wuta. Cikin mutum 12, goma sun mutu har da shi. Rahoton da sojojin Kenya suka fitar bayan shekara ɗaya ya ɗora laifin a kan matsalar inji. A Najeriya ma ba a manta da 15 ga Disamba 2012 ba, ranar da jirgin sojojin ruwa ya faɗi a Bayelsa ba da daɗewa da tashinsa daga Okoroba ba, gwamnan Kaduna Patrick Yakowa da Janar Andrew Azazi da wasu mutum huɗu suka rasu.

Boris ɗaya a wutsiya

Masu bin gasar Firimiya za su tuna daren 27 ga Oktoba 2018. Leicester City ta yi kunnen doki da West Ham, ci ɗaya da ɗaya, Wilfred Ndidi ne ya farke dab da tashi. Bayan wasa, kamar yadda ya saba, mai kulob ɗin, Vichai Srivaddhanaprabha ɗan Thailand, ya shiga jirginsa samfurin AW169 a tsakiyar filin King Power. Jirgin ya ɗaga ya haura saman filin, sai aka ga ya fara juyawa kamar katantanwa. Ya kai tsawon wajen mita 130, sannan ya faɗo a bayan filin ya kama da wuta. Mutum biyar suka mutu.

Ƙaramar farfelar nan ta wutsiya, wadda mai kallo ke ɗauka kamar ado ce, ita ce ke hana jirgi juyawa. Babbar farfela na juyawa gefe ɗaya, gangar jikin jirgin na son juyawa ɗaya gefen, ta wutsiya ce ke riƙe shi, matuƙi kuma na sarrafa ta da ƙafafunsa. A lokacin tashi, da injin ke ba da ƙarfi mafi yawa, a lokacin ne aikin wutsiya ya fi nauyi.

Hukumar binciken haɗurran jirage ta Birtaniya ta ɗauki kusan shekara biyar kafin ta fitar da rahotonta a watan Satumba 2023. Abin da ta gano: wani boris a cikin na'urar wutsiyar ne ya ci, ya ƙafe, sandar da ke haɗa fedar matuƙi da farfelar wutsiya ta kwance. Matuƙin ƙwararre ne, ya yi abin da ya dace, amma babu abin da zai iya ceton jirgin. Ƙa'ida ta ce a duba boris ɗin bayan awa 400 na tashi, jirgin kuwa awa 331 kawai ya yi. Jirgin attajiri ne, sabo, a ƙasar da ba a wasa da gyara. Duk makaniken da ke gareji a Maraɗi ko Damagaram ya san abin da boris kan yi in ya ci, bambancin kawai shi ne wannan a sama ya ci.

Ƙurar da jirgi ke tayar wa kansa

Matsalar da ta fi kusa da yankin Sahel ita ce ƙura. Iskar farfela in ta daki busasshiyar ƙasa sai ta tayar da gajimaren turɓaya, farfelar ta sake zuƙo shi ta sama ta dawo da shi, cikin daƙiƙa biyu ko uku jirgin ya shige duhun da shi ya haɗa da kansa. Matuƙin da ke tsaye a sama da idonsa yake aiki: yana duban wani dutse, ko ciyawa, ko layin da sama ta haɗu da ƙasa, da su yake sanin ko yana tsaye ko yana zamewa. In ƙura ta rufe, jikinsa na iya gaya masa yana tsaye alhali yana tafiya gefe. Taya ɗaya ta taɓa ƙasa yana cikin zamewa, jirgin ya kife, farfela ta sari ƙasa.

Haka ta faru da mataimakin shugaban Najeriya na lokacin, Yemi Osinbajo, ranar 2 ga Fabrairu 2019 a Kabba ta jihar Kogi, ana tsakiyar yaƙin neman zaɓe. Jirginsa samfurin AW139 ya zo sauka a fili mai ƙura, matuƙan suka daina ganin ƙasa, jirgin ya dira da ƙarfi ya kwanta ta gefen dama. Mutum 12 da ke ciki duk sun fita da ransu, kuma masu bincike sun tabbatar ƙurar ce ta rufe wa matuƙan ido.

Manyan ƙasashe ma ta ba su kashi. A watan Afrilun 1980, sojojin Amurka da suka je kuɓutar da ƴan ƙasarsu da ake garkuwa da su a Tehran sun yada zango cikin dare a hamadar Iran kusa da Tabas. Bayan an fasa aikin, wani helikwafta ya ɗaga don ya matsa gefe, ƙura ta turnuƙe, ya afka wa jirgin dakon C-130 da ke maƙare da mai. Sojoji takwas suka mutu ba tare da sun haɗu da rundunar Iran ba.

Bayan rufe ido, rairayi na cin jirgi a hankali. Yana goge bakin fikafikai kamar sanfefa, yana shiga inji ya cinye ƙananan fukafukan da ke matse iska, ƙarfin inji ya riƙa raguwa ba tare da an lura ba. Jirgin da ke aiki tsakanin Difa, Dirku da Tilaberi ba ya tsufa irin na wanda ke Turai, ko da awanninsu ɗaya ne a takarda.

Koyon faɗuwa don kada a faɗi

Tuƙin helikwafta da gaɓoɓi huɗu ake yin sa a lokaci guda. Hannun dama na riƙe da sandar da ke karkata jirgi gaba, baya ko gefe. Hannun hagu na kan sandar ɗagawa da saukewa. Ƙafafu biyu na kan fedar wutsiya. Taɓa ɗaya na tilasta gyara sauran. Ɗalibi a awanninsa na farko, in aka ce ya tsayar da jirgi wuri ɗaya, sai ka ga jirgin na lilo yana yawo a filin kamar maraƙin da ya tsinke. Kusan kowa na yin haka. Yakan ɗauki awanni kafin hannu ya daina kokawa da sanda.

A wannan matakin ne ake yawan kifewa. Ƙafar jirgi ɗaya ta maƙale a ƙasa ko ta kama wani abu, jirgin ya fara karkata a kanta. Abin da zuciya ke gaya wa ɗalibi shi ne ya ja sama ya tsere, kuma wannan ne ke ƙarasa kifar da jirgin. Maganin shi ne a sauke sandar a hankali a koma ƙasa. Horo kusan duka haka yake: cire wa mutum abin da jikinsa ke so ya yi, a dasa masa akasinsa.

Sai babban darasi, wato saukar da jirgi ba tare da inji ba. Babu yadda za a koye shi sai an yi shi. Malami zai rage wa injin wuta da gangan, ɗalibi ya gangaro da jirgin kamar da gaske ne, a mayar da wutar dab da ƙasa, ko kuma a dira haka nan. Kuskuren daƙiƙa ɗaya wajen ɗaga hanci, wutsiya ta daki ƙasa. Jinkiri kaɗan wajen mayar da wuta, atisaye ya koma haɗarin gaske. A jirage masu inji biyu irin Mi-17, ana koyon tashi da sauka kamar inji ɗaya ya mutu, wato a rage wa jirgi rabin ƙarfinsa a daidai wurin da ya fi buƙatarsa. Rundunar da ta daina irin wannan atisaye don tsoron asarar jirgi za ta biya a wani wurin, ranar da injin ya mutu da gaske da sojoji ashirin a baya.

Malamin tuƙi yana kan siraɗi. In ya karɓe sanda da wuri, ɗalibi ba zai koya ba. In ya bari ya wuce gona da iri, su biyun ne a ciki. Shi ya sa miƙa tuƙi ke da lafazinsa da ba a canzawa: wannan ya ce ka karɓa, wancan ya ce na karɓa, na farkon ya sake tabbatarwa. An sha samun haɗari saboda kowannensu na zaton ɗayan ne ke riƙe, ko kuma su biyun suna ja, kowa gefensa. Idan malami da ɗalibi ba harshensu ɗaya ba, kamar yadda yake a rundunoni da dama na Afirka da ke ɗauko masu horarwa daga waje, waɗannan kalmomi ƙalilan sai sun zauna daram kafin a bar ƙasa.

Jiragen koyo na farar hula su ma suna da nasu hali. Robinson R22, ɗan ƙaramin jirgi mai kujera biyu da makarantu da yawa a duniya ke amfani da shi saboda araha, farfelarsa ba ta da nauyi, in inji ya ɗauke matuƙi na da daƙiƙa ɗaya zuwa biyu kacal ya sauke sanda kafin gudunta ya mutu. Haɗurransa sun yi yawan da a 1995 hukumar jiragen saman Amurka ta kafa wa jiragen Robinson doka ta musamman, wadda ta wajabta ƙarin horo kuma ta hana wanda bai kai awa 200 a helikwafta ba koyarwa da su. Awa 200 ba yawa ba ne. A Amurka da awa 40 ana iya samun lasisin farko, a Turai 45, lasisin aiki kuma a Amurka awa 150. Sabon matuƙi da ke neman tara awanni, aikin da ya fi samu shi ne koyarwa, don haka sau da yawa wanda ya gama jiya ne ke koya wa na yau.

Ga sojojin Nijar akwai wani ƙarin nauyi. Rundunar na da jiragen Rasha, Mi-17 da Mi-35, tana da Gazelle uku da Faransa ta bayar a 2013, ga kuma Bell 412 da suka zo daga Italiya. In aka kalle su daga sama, farfelar jiragen Rasha da na Faransa na juyawa yadda hannun agogo ke tafiya, ta Bell kuwa akasin haka. Ma'anarsa, in an ƙara wuta, a wannan ƙafar dama ake takawa, a wancan ta hagu. Matuƙin da ya sauya jirgi sai ya sake wa ƙafarsa tarbiyya, domin a lokacin firgici tsohon sabo ne ke dawowa. Kowane samfuri kuma da makanikansa, da kayan gyaransa, da littafinsa, wani ma agogunansa da mita suke lissafi, wani da ƙafa. Kyautar jirgi daɗi gare ta ranar biki, hidimarta ce ke daɗewa.

Atisaye bai tsaya kan sababbin ɗalibai ba, tsofaffin hannu ma ana gwada su kowace shekara. Jirgin Black Hawk ɗin sojojin Amurka da ya yi karo da jirgin fasinja a saman kogin Potomac a Washington, daren 29 ga Janairu 2025, yana kan irin wannan jarrabawar ne, malami na gwada wata matuƙiya. Hanyar da suke bi ba a yarda a haura wajen mita 60 ba, jirgin kuwa ya haura. Mutum 67 suka mutu. A Lumut ta Malesiya, jirage biyu na sojojin ruwa sun yi karo ranar 23 ga Afrilun 2024 suna gwajin faretin cika shekara 90 na rundunar, mutum goma suka rasu. A nan kusa, a watan Maris 2015, jirgin Apache na sojojin Holan ya faɗi a arewacin Gao lokacin atisayen harbi, matuƙansa biyu suka mutu.

Na'urar kwaikwayon tuƙi ta rage wannan asara a inda ake da ita. A cikinta ana iya kashe inji, a tsinke wutsiya, a tayar da ƙura, ɗalibi ya faɗi sau goma ya fito ya sha shayi. Tana da tsada, amma ba ta kai jirgi ɗaya da mutum uku ba.

Ga matashin da ke sha'awar wannan aiki, hanyar da ta fi buɗewa a Nijar ita ce ta soja, domin awa ɗaya a helikwafta ta fi awa ɗaya a ƙaramin jirgi mai fikafikai tsada nesa ba kusa ba. Makarantar EAMAC da ke Yamai, ta hukumar ASECNA, tun 1963 take horar da masu ba jirage hanya, masana yanayi da masu kula da na'urori, amma ba ta koyar da tuƙi. A maƙwabta akwai kwalejin jiragen sama ta Zariya da aka kafa a 1964. Kuma duk matuƙi ɗaya da ake gani a gaba, akwai makanikai da dama a bayansa da ransa ke hannunsu.

Rahoton da ake jira

A dokar jiragen farar hula ta duniya, wadda ta samo asali daga yarjejeniyar Chicago ta 1944, ana binciken haɗari ne don kada ya sake faruwa, ba don neman wanda za a hukunta ba. Ana son rahoton farko cikin kwana 30, na ƙarshe kuma a bayyana shi ga kowa, in da hali cikin shekara. Ta haka ne labarin boris ɗin Leicester ya isa ga duk mai irin wannan jirgi a duniya, aka duba nasu.

Jiragen soja ba sa ƙarƙashin wannan doka. Kowace ƙasa ita ke zaɓar ta faɗa ko ta yi shiru. Kenya ta faɗa. Ghana ma ta faɗa, bayan faɗuwar jirgin Z-9 a hanyar Obuasi ranar 6 ga Agusta 2025, wanda ya kashe mutum takwas har da ministan tsaro Edward Omane Boamah da ministan muhalli Ibrahim Murtala Muhammed: masu bincike sun fito bainar jama'a sun ce wata iska mai dannawa ƙasa ce ta kayar da jirgin cikin mummunan yanayi. Akwai sirrin soja na gaske da ba za a so a fallasa ba, amma dalilin mutuwar inji ko nauyin kaya ba kasafai yake cikinsu ba. Inda aka yi shiru, jita-jita ce ke cike gurbin, kuma iyalan mamatan ne ke fara shan ta a WhatsApp.

Su ma waɗanda ke ƙasa suna da hannu a lafiyar tashi da sauka. A garuruwa da ƙauyuka, da zarar an ji ƙarar jirgi sai yara da manya su kwasa a guje su kewaye fili. Leda ɗaya da iska ta ɗaga na iya shiga bakin inji. Mayafi, hula, tabarma, kwanon rufi da ba a danne ba, duk farfela na zuƙar su. Jirgin da taro ya matse ba shi da wurin zamewa in ƙura ta rufe shi. Farfelar wutsiya kuwa, tana juyawa fiye da sau 1,000 a minti, ido ba ya ganin ta, kuma a ƙananan jirage daidai kan mutum take. Masu aikin filin sauka da suka san aikinsu kan tsince ledoji da tarkace tun kafin jirgi ya iso, su yayyafa wa ƙasa ruwa in akwai, su kora jama'a nesa, kuma ko su kansu ba sa tunkarar jirgin sai ta gaba, inda matuƙi ke ganinsu, a sunkuye, bayan ya ɗaga musu hannu.